LACCA GA MATAFIYA: ABINCIN DA JINI BAI KARƁA BA

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na ƙasar Zobe, mutanen Dutsin-Ma da na Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye, manoma da masunta da 'yan kasuwa maza da mata, muna gaishe ku, muna kuma gode muku da kuka rufe rumfunanku kuka zo. Maganar da za mu yi yau ta shafi rai. Ita ce maganar mutumin da wani abinci ba ya shiri da jininsa, ga shi kuwa tafiya ta kama shi zuwa ƙasar da bai san harshenta ba, bai kuma san abin da ake zubawa cikin tukunyarta ba.

A zamanin kakanninmu, mai niyyar Makka daga ƙasar Katsina yakan bi ta Kano da Barno, ya ratsa Cadi da Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekara da shekaru, da wahala mai yawa. Amma fa tukunyarsa tana tare da shi, abin da hannun iyalinsa ya dafa shi ya ke ci. Yau kuwa mutum sai ya karya kumallo da koko da ƙosai a Kurfi, ya hau jirgi a Katsina, cikin awa huɗu zuwa biyar ya sauka Jidda ko Madina, a miƙo masa abinci a rufe cikin roba wanda bai ga dahuwarsa ba. Ba alhazai kaɗai ba ne. Ga 'yan kasuwarmu masu saro kaya a Dubai da Alƙahira da Guwanzu ta ƙasar Sin, ga masu zuwa Indiya neman magani, ga yaranmu masu tafiya karatu. Duk maganar nan tasu ce.

MENE NE CIWON?

Likitoci suna ce masa alaji. Ku ji da kyau, alaji muka ce, ba alhaji ba, ko da ya ke alaji yakan kama alhaji. Wani likitan yara na birnin Biyana, Kilemens fon Pirke, shi ya raɗa masa sunan a 1906. Mu kuwa mun daɗe da saninsa. Shi ne borin jinin nan da kan taso wa mutum bayan ya ci wani abu, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi ya hana shi sakat.

Ga yadda abin ya ke. Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam dakaru cikin jini masu yaƙi da cuta. A jikin waɗansu mutane dakarun nan sukan yi kuskure, su ɗauki gyaɗa ko riɗi ko ƙwai a matsayin abokin gaba. Da abin ya shiga, sai su tada yaƙi, su saki waɗansu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira histamin. In yaƙin ƙarami ne, sai a ga ƙuraje da kumburin leɓe da ido. In babba ne, maƙogwaro ya kumbura, murya ta dishe, numfashi ya yi ta shessheƙa, jini ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wannan babban shi likitoci ke kira anafilaksis, yana kuma iya kisa cikin ɗan lokaci. Galibi yakan taso ne daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan cin abincin.

Abu uku muke so ku riƙe. Na ɗaya, ɗan kaɗan ya isa: cokalin da aka juya miyar gyaɗa da shi, in aka tsoma shi a wata miya, ya isa ya kada mutum. Na biyu, wuta ba ta kashe shi; suya ko tafasa ba sa raba gyaɗa da abin da ke tada jinin. Na uku, don bara abin ya tsaya a ƙaiƙayi, wannan bai nuna bana ma nan zai tsaya ba. Gajiya, da rashin barci, da doguwar tafiyar ƙafa, da ciwon asma, da shan irin su asfirin da ibufurofen, duk sukan ƙara masa ƙarfi. To, ku dubi ranakun Mina da Arfa, ku gaya mana wanne ne babu a cikinsu.

Kada kuma a ruɗe shi da waɗansu ciwace-ciwace masu kama da shi. In abinci ya lalace, duk wanda ya ci zai yi amai da gudawa. Alaji kuwa mutum ɗaya ya ke kamawa cikin goma da suka ci kwano guda, shi ya sa ake saurin cewa sammu ne ko iska, a tafi neman turare alhali maƙogwaro yana rufewa. Akwai kuma wanda in ya sha ɗanyar madara cikinsa ke kumburi da ƙugi; wannan rashin narkewa ne, yana da damuwa amma ba ya toshe numfashi.

Akwai na uku da ya kamata mai zuwa ƙasar Larabawa ya sani. Karin kumallon Saudiyya da Masar shi ne ful, watau wani babban wake mai faɗi da ake dafawa ya yi lugub. Akwai wata raunin jini ta gado, likitoci suna ce mata ƙarancin G6PD, ta fi kama maza, tana kuwa da yawa a Afirka ta Yamma. Mai ita in ya ci ful, jininsa yana iya fashewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu ido ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, jiki ya mutu. Wanda ya taɓa ganin haka bayan shan wani magani, ya nemi a gwada jininsa kafin tafiya, ya kuma bar ful ga masu shi.

ABIN DA KE CIKIN TUKUNYAR BAƘI

A gida mai ɗaki ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba ya san ya kauce wa ƙuli-ƙuli da tsire da kunun gyaɗa da miyar taushe. A waje kuwa abin ɓoye ya ke, ya sake kama, ya sake suna.

Mu fara da riɗi. A nan kantu muka fi saninsa da shi, ana ganinsa da ido. Larabawa niƙe shi suke yi ya koma kamar man shanu, su kira shi tahina. Tana cikin hummus, tana cikin farin romon da ake zubawa a shawarma, tana cikin alewar nan ta gwangwani da alhazai ke tsaraba da ita, ana kwarara ta a kan ful. Burodinsu ma da yawa da barbaɗin riɗi a kai.

Sai 'ya'yan itatuwa masu ɓawo, irin su kashu da lauz da fustuƙ. Akan watsa su a kan shinkafar kabsa, akan cusa su cikin dabino a cire ƙwallon, suna cikin baƙalawa da yawancin kayan zaƙi. A Indiya kuwa niƙa kashu ake yi cikin miya don ta yi kauri, ba mai gane shi da ido.

Sai abincin teku. Mu nan tun da aka gama madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983 kifi ya wadata a kasuwanninmu, tarwaɗa da ƙarfasa sun zama abincin kowa. Amma wanda ke cin kifin Zobe lafiya kada ya ɗauka jatan lande da ƙaguwa ma haka za su zauna masa, don jinsinsu dabam ne. Ga wata alama da za ta taimake ku: jatan lande ɗan'uwan fara ne ta wajen sinadarin da ke tada jini. Wanda soyayyar fara ke sa shi borin jini, lalle ya yi hattara da jatan lande. A Jidda da Dubai ana soya shi, sau da yawa cikin man da aka soya kaza da dankali. A Guwanzu da gidajen abincin mutanen Indunusiya da Maleshiya, man gyaɗa da man riɗi da niƙaƙƙen jatan lande su ne kamar daddawa a wurinmu.

Wani zai ce, ai ni wurin Hausawanmu mazauna Makka zan ci tuwo. Madalla, amma miyar gida ma da man gyaɗa ake yi, yajin kuma da ƙuli. Amfanin wurinsu ɗaya ne: kana iya tambaya da Hausa a ba ka amsa da Hausa. To, ka tambaya.

SUNAYEN DA ZA KU RIƘE

Yawancinmu mun yi makarantar allo, muna karanta baƙin Larabci. Wannan babbar dama ce, don duk abin da aka rubuta a jikin kwali a Saudiyya ko Dubai ko Masar muna iya bin sa da yatsa. Alaji da Larabci hassasiyya ne. Gyaɗa ful sudani, watau waken ƙasar baƙar fata. Ku lura, ful kaɗai shi ne waken da muka ambata ɗazu, ful sudani kuwa gyaɗa. Riɗi simsim. Ƙwai baid. Madara halib, nono laban. Alkama ƙamh. Kifi samak. Jatan lande rubyan a Saudiyya da Dubai, gambari a Masar. 'Ya'yan itatuwa masu ɓawo a dunƙule mukassarat. In ka ce, indi hassasiyya minal ful sudani, ka gaya wa Balarabe gyaɗa tana cutar da kai.

Masu Turanci ma akwai tarko a gabansu. A Nijeriya Turancin gyaɗa groundnut ne, na riɗi benniseed, amma a kwalayen Ingila da Amurka da Dubai peanut da sesame za ka gani. Da Faransanci kuwa gyaɗa arachide ce ko cacahuète. Mutum yana iya yin tambaya daidai da Turancin gida, a ce masa babu, alhali ba a gane abin da ya ke nufi ba.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Wanda ya san yana da wannan larura, ya tafi asibiti tun da sauran wata biyu ko uku, a Dutsin-Ma ko Kurfi, in ta kama a tura shi Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya gaya wa likita abin da ya ci, da abin da ya biyo baya, da tsawon lokacin da ke tsakani. Ya karɓi takarda mai hatimi wadda ta faɗi ciwonsa da magungunansa, don ma'aikatan filin jirgi sukan tambayi dalilin allura.

Maganin babban alaji guda ne, shi ne allurar adirenalin. Akwai wadda aka ɗura cikin wani abu mai kama da alƙalami, irin su EpiPen, wadda mutum ke soka wa kansa a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando. Ta babba tana da miligiram 0.3, ta ƙaramin yaro 0.15. Ba kowane kemis ke da ita ba, tana kuma da tsada, shi ya sa muka ce a fara nema da wuri. In da hali a riƙe biyu. A ajiye ta a jakar hannu, kada a saka ta cikin kayan da za a auna. Kada a sa ta a firji, kada kuma a bar ta a rana ko cikin mota a rufe. Ku tuna a aikin hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50. In ruwanta ya sake launi ko wa'adinta ya wuce, a nemi wata. Ƙwayar Piriton da 'yan'uwanta suna kwantar da ƙaiƙayi, amma ba sa buɗe maƙogwaron da ya toshe. Wanda ya dogara gare su a babban alaji ya jingina da zana.

Sa'an nan a rubuta kati da Larabci da Turanci, ko da harshen ƙasar da za a je: ga sunana, ga abin da ba na ci, in na ci zan iya mutuwa, allurata tana aljihu kaza. Alhaji ya rataya shi tare da katin Nusuk da ke wuyansa. A gaya wa kamfanin jirgi kwanaki kafin tashi, amma kada a saki jiki, a riƙe guzuri na gida wanda aka san hannun da ya yi shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A tambayi jami'an alhazai abin da aka yarda a shiga da shi. Goro dai Saudiyya ta hana.

A MASAUKI DA GIDAN ABINCI

Da ka sauka, ka tara abokan ɗakinka ka gaya musu. Ka nuna musu allurar da yadda ake sokawa, don ranar da abin ya zo mai yiwuwa bakinka ba zai iya magana ba. Ka ware cokalinka da kwanonka da wuƙarka. In ana ci tare a faranti guda kamar yadda muka saba, a ɗebar maka naka tun kafin hannuwa su shiga. Ruwa zalla ba ya wanke maiƙon gyaɗa daga hannu, sai da sabulu.

A gidan abinci ka je lokacin da babu cunkoso. Ka miƙa katinka, ka ce a kai wa mai dafuwa, don mai kawo abinci sau da yawa bai san abin da ke cikin miya ba, zai ce maka babu don ka zauna. Ka zaɓi abincin da ido ke gane kowane abu da ke cikinsa: farar shinkafa, gasasshen nama ba romo, ayaba ko lemo da za ka ɓare da kanka. Ka guji teburin ɗibi-da-kanka na otel, inda cokali ɗaya ke yawo daga wannan kwano zuwa wancan. In aka yi maka inda-inda, tashi ka bar wurin. Ƙasashen Turai tun 2014 sun wajabta a bayyana abubuwa 14 masu tada jini, Amurka tana da 9 tun da ta ƙara riɗi a 2023, Saudiyya ma ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana su. Sabo da haka tambayarka tana bisa doka.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kashe namu, watau kara. Bahaushe ba ya son a ce ya raina abincin mutane. Mai masaukinka a Dubai ya yanka maka, dillalinka a Guwanzu ya gayyace ka, bayin Allah suna raba sadaka a Mina da Harami, wani ya ce maka, haba Alhaji, abincin ƙasa mai tsarki ne, ci da bismilla. Hajiya kuwa kunya ta hana ta faɗi a gaban maza, dattijo yana gudun a ce ya cika tsirfa. Sai a ci don kara, a kwana a asibiti, ko a wuce asibitin ma. Jama'a, karɓi sadakar ka yi godiya, ka miƙa wa na kusa da kai. Ladan mai bayarwa bai ragu ba. Talaka ya saba a miƙo masa abu ya karɓa bai ce uffan ba. Wannan sabon ne muke so ku ajiye a gida ranar tafiya. Kuɗin kujerar nan guminka ne, wani gona ya sayar, wani shanu, wata adashen shekara goma. Wanda ya biya yana da ikon ya san abin da aka dafa masa.

Ku ji abin da ya faru a Ingila. A watan Yuli na 2016 wata yarinya mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin Hitiro na London. Takardar jikinsa ba ta ambaci riɗi ba, ga shi kuwa an kwaɓa shi cikin ƙullun. Ciwon ya taso mata cikin jirgi a kan hanyar Nis ta Faransa. Mahaifinta ya yi mata allura biyu, duk da haka rai ya yi halinsa. Darasi biyu ke nan. Wadda ta karanta takarda da harshen uwarta ma abin ya same ta, balle baƙo, wanda ko da ido makaho ne. Rigakafi kuwa ya fi magani. Na biyu, iyayenta ba su yi shiru ba. Sun bi maganar har aka kafa doka da sunanta, ta fara aiki a Oktoba 2021, ta tilasta a rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka naɗe a kanti.

IN ABIN YA ZO

In ka ga ɗan'uwanka bayan cin abinci muryarsa ta sake, ko numfashi ya yi wuya, ko harshe ya kumbura, ko jiri ya ɗebe shi, kada ka jira. Na ɗaya, a soka allurar a gefen cinya nan take. Na biyu, a kira motar asibiti: 997 a Saudiyya, a Makka 911 ma tana aiki; 998 a Dubai, 123 a Masar, 120 a Sin, 112 a Turai. Na uku, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna ya jingina. Kada a tsai da shi, kada a ce ya taka zuwa mota, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko madara. Na huɗu, in minti 5 ya wuce bai sami sauƙi ba, a yi ta biyu. Na biyar, ko ya warware ya ce ya ji garau, lalle a kai shi asibiti, don ciwon yakan komo bayan 'yan awoyi. Ko yana cikin harami, ko yana azumi, malamanmu sun san ceton rai ke gaba.

KIRA GA HUKUMA

Muna kira ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2006, da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina, da kamfanonin da ke kai mutane Umra. A wurin gwajin lafiyar maniyyata a riƙa tambayar kowa da Hausa ko akwai abincin da ba ya shiri da shi, a rubuta. A sa wannan darasi cikin bitar da ake yi a Dutsin-Ma da Kurfi da sauran ƙananan hukumomi, a keɓe wa mata nasu zama da malama mace. Masu kwangilar dafa wa alhazai su liƙa takarda da boko da ajami mai faɗin abin da ke cikin abincin kowace rana. Likitocin tawaga su riƙe adirenalin a tantunan Mina da Arfa inda hannu zai kai da sauri. Ba abu ne mai cin kuɗi ba in aka gwada shi da abin da maniyyaci ya biya.

Ku kuma shugabannin 'yan kasuwa, ku kai maganar nan rumfa-rumfa. Duk mai shirin tafiya, ku tambaye shi: ka ga likita? Ka rubuta katinka? Abokin tafiyarka ya sani? Matambayi ba ya ɓata, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya, ya sa albarka a nema.